Ƙusar Mavlonazar da Furen Ɗaya ga Satumba

A ƙauyenmu, can saman kwari inda hanyar mota take ƙarewa, wata uku ne kawai a shekara ake iya shuka abu ya rayu. Sauran wata tara na jira ne. Raɓar ƙanƙara, wadda ke kwanciya fari fat a kan ganye da asuba, rana na fitowa ganyen ya yi baƙi, ba ta barinmu sai farkon Yuni, kuma tun tsakiyar Satumba take dawowa ta duba abin da muka yi a bayan idonta. Dankali ya saba da wannan tsari. Sha'ir ma ya saba. Furen ziniya ne bai saba ba, shi ya sa sai da ya sami mutum guda da zai ba shi rayuwarsa. Mutumin kuwa Mavlonazar ne, wanda yara da manya ke kira Kawu.

Aikinsa na gwamnati hura murhu ne. Makarantarmu tana da aji shida da ofishin hedimasta, murhu bakwai ke nan, kuma shekara arba'in da ɗaya shi ne ke shiga kafin kowa ya kunna su, ya fita bayan kowa ya kwashe toka. Ya ga hedimasta tara. Ba a taɓa jin ya yabi ɗayansu ba ko ya zage shi, sai dai yakan ce wane ya san yadda ake rufe ƙofa da sanyi, wane kuma bai sani ba. A watannin ɗumi babu murhun hurawa. Hedimasta na biyu, mutumin da hankalinsa ba ya kwanciya idan ya san akwai ma'aikacin da ke zaune, ya dawo daga wani taro a Dushanbe, babban birnin ƙasarmu, da ambulan cike da irin fure. Ya miƙa wa Mavlonazar, ya ce daga bana yaran aji ɗaya za su shigo makaranta da fure kamar 'ya'yan mutane.

Ranar ɗaya ga Satumba duk yaron da zai fara makaranta yakan zo da fure a hannu ya ba malamarsa. A birni saya ake yi. Mu a nan, kafin zamanin Mavlonazar, iyaye mata kan tsinko ciyawa mai ɗan launi daga gefen magudanar ruwa su ɗaure da zare. Malamar takan karɓa ta yi godiya, da yamma ta ba akuyarta.

Filin makaranta na ƙwallo ne da na awaki, don haka a bayan gidansa ya yi lambun. Shekarar farko ya shuka da wuri, raɓar ƙanƙara ta cinye tsiron. Ta biyu ya yi jinkiri, ɗaya ga Satumba ta same shi da ganye kore shar babu fure ko ɗaya. Ta uku ya koma kuskuren farko, don ya tabbatar. Sai dai akwai abu ɗaya da bai fasa ba. Duk ranar da ya yi shuka yakan tsaya a tsakiyar ɗakinsa da tsakar rana, ya dubi hasken da ke shigowa ta tagar rufi, ya ja layi da gawayi a jikin ginshiƙi daidai inda hasken ya tsaya. Da haka kakanninmu ke gane lokacin noma: da hunturu hasken yana can sama kusa da rufi, rana na ƙara hawa yana saukowa a hankali zuwa daɓe. A shekara ta huɗu, da ragowar irin bai fi cikin cokali ba, aka dace. Tsiro ya fito bayan raɓa ta ƙarshe, fure ya buɗe saura kwana biyu a koma makaranta. Mavlonazar ya goge layuka uku, ya buga ƙusa a kan na huɗu. Mahaifiyarsa ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, domin ginshiƙan gida biyar kowanne da sunansa mai daraja, ba wurin rataye hula ba ne. Daga baya ta haƙura, ganin bai rataya komai a kai ba.

Tun daga nan ya kafa tsarinsa. Furanni goma sha biyu da suka fara buɗewa kowace shekara yakan ɗaura musu jan zare, babu mai taɓa su, ko ɗan hedimasta ne ke shiga aji ɗaya. Su ne ke bushewa a tsaye su ba da irin baɗi. Da shekaru suka yi nisa furen ya gajarce, bai wuce gwiwar mutum ba, kansa bai fi bakin kofin shayi ba, amma ya koyi gaggawa, abin da babu wani ɗan ƙauyen nan da ya koya. Kwana tamanin da 'yan kai yake yi daga ƙasa zuwa fure. Irin da ake sayarwa a kasuwar Khorog, babban garin lardinmu, dogo ne, mai kyau a hoton takarda, kuma yana buɗewa a watan Oktoba, wato a wurinmu ba ya buɗewa.

Abu biyu ne Mavlonazar ba ya yi da irinsa. Ba ya bayarwa, kuma ba ya ragewa. Fure dai a karɓa kyauta, iri kuwa ko matar shugaban gunduma ta tambaya sai ya ce bana bai yi kyau ba. Ranar shuka kuma yakan juye gwangwanin duka, har ya buga gindinsa a tafin hannu. Matarsa Zarragul ta taɓa ce masa ya ajiye ko cokali ɗaya saboda tsaro. Ya ce ajiye iri shakka ne, shi kuwa ba ya shakkar ƙusarsa.

Ni na koyar da labarin ƙasa a makarantar shekara talatin, kuma a farkon zuwana ina da cutar nan ta son gyara wa mutane abin da bai lalace ba. Na lura da shukarsa shekara biyar a jere, sannan na same shi a ɗakin ajiyar gawayi.

Na ce, "Kawu, ka san hasken nan ranar uku ga Yuni yake taɓa ƙusarka kowace shekara? Ba ya canzawa. Kalanda ma za ta yi maka aikin, ba sai ka yi sati kana zaune a ɗaka kana gadin ginshiƙi ba."

Ya ce, "A ina ake buga kalandar, Malam?"

"A Dushanbe."

"Wanda ya buga ta ya taɓa kwana a kwarin nan?"

"Ban sani ba."

"To ni da ranar nan ta sama tare muka girma," in ji shi, ya ci gaba da loda gawayi a bokiti.

Katanga ɗaya ta duwatsu ce ta raba lambunsa da gidan Gulnamo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, duk suka yi aure a wasu kwaruruka. Wata kaka, kusan shekara ashirin kafin abin da zan ba da labari, Mavlonazar ya je girbin iri ya ƙirga jan zare goma sha ɗaya. Da shekara ta kewayo aka ga gajerun furanni a bayan ɗakin girkin Gulnamo. Bai je gidanta ba. Ya jira sai da safe ana rabon ruwan gonaki a bakin magudana, inda kowane gida ke da wakili, ya ce akwai wani hannu a ƙauyen nan da ya fi katanga tsawo.

Gulnamo tana jingine da fartanyarta ta ce, "In da ni kake, maƙwabci, iska ce ta kawo."

"Iskar ce ta kwance jan zaren ma?"

"Iskar kwarin nan tana da hankali. Ta fi wasu."

Aka yi dariya, aka buɗe ruwa. Daga ranar ba su sake magana da juna ba. Idan akuyarta ta shiga gonarsa, akuyar yake yi wa faɗa da ƙarfi yadda za a ji a tsallake. Idan hayaƙinsa ya dame ta, da bango take magana. A wurin Mavlonazar babu wani fure a bayan ɗakin girkinta, ko da yake daga bakin ƙofarsa ana hango shi. Ya jera ƙaya a kan katangar, yana sabunta ta kowace kaka. Kuma daga shekarar ya riƙa ɗaura zare goma sha uku maimakon goma sha biyu, bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Ɗansa Alidod yaron kirki ne, kuma daga nan matsalar ta fito. Ya yi shekara takwas yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane a Rasha, ya dawo wata kaka da niyyar yi wa iyayensa abin da zai nuna bai manta da su ba. Ya dubi ɗakin ya ga duhu. Cikin kwana huɗu, uban yana makaranta yana fama da murhu, ya cire tsohuwar tagar rufin da hayaƙi ya cinye, ya faɗaɗa ramin, ya sa sabon katako da gilashi, wai don tsofaffi su riƙa ganin abin da suke ci. Aikin ya yi kyau. Zarragul ta ce yanzu ne ta san fuskar mijinta, kuma da an bar tagar yadda take. Mavlonazar ya riƙa jawo mutane daga hanya su zo su ga aikin ɗansa. Kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya Alidod ya koma bakin aikinsa.

Ranar ashirin ga Mayu na gan shi ya fito daga rumbun makaranta da fartanya a kafaɗa da gwangwanin iri a hammata.

Na ce, "Kawu, ina zuwa?"

"Haske ya taɓa ƙusa."

"Yau ashirin ga Mayu ne. Saura sati biyu."

"A Dushanbe."

"A nan ma. Kawu, tagar nan an faɗaɗa ta. Haske zai riga lokacinsa sauka. A wannan watan rana ba ta sauri, faɗin tafin hannu a jikin ginshiƙi ya kai kwana goma sha huɗu."

Ya sauke fartanyar, ya dube ni kamar yadda yake duban yaron da ya bar ƙofar aji a buɗe.

Ya ce, "Yaron nan ya taɓa ƙusa?"

"A'a."

"Ya taɓa rana?"

"A'a."

"To me ya taɓa? Taga ai rami ce kawai, Malam. Shekara talatin kana cewa ƙusata da kalandarka bakinsu ɗaya. Yau sun saɓa, sai ka bi bayan takarda. Bana ɗumi ya zo da wuri, shi ke nan. Dubi sama."

Na duba. Gaskiya satin nan an yi ɗumi. Mata sun fito da darduma suna kakkaɓewa, tsofaffi sun cire rigunan ulu, har an ga wani a bakin kogi ba hula. Duk ƙauyen yana bayan Mavlonazar, ni kuma ina da aji na jira na. Ya juye gwangwanin duka, ya buga gindinsa a tafin hannu.

A kwana na takwas tsiro ya fito, layi-layi, kowanne da ganye biyu. Ranar ɗaya ga Yuni gari ya waye babu gajimare, babu iska, ruwan da ke cikin bokitin ƙofar gida ya yi fatar ƙanƙara. Lambun ya yi fari kamar an barbaɗa gishiri. Mavlonazar ya tsaya a gefensa har rana ta leƙo ta kan dutse, ya ga farin ya narke, ya ga koren ya koma baƙi ya kwanta. Bai ɗauki sa'a guda ba. Da tsakar rana ya shiga ɗaka ya auna ginshiƙi da hannunsa. Hasken ya wuce ƙusa ƙasa da kusan faɗin tafin hannu. Zarragul ta ce ya daɗe yana kallon tagar, sannan ya ce gilashin na buƙatar gogewa.

Da yamma Alidod ya kira a waya, kamar yadda ya saba kowane mako, ya tambayi lafiyar furanni. Uban ya ce suna nan lafiya, taga ma tana nan lafiya, kowa na yaba ta.

Lissafin mai sauƙi ne, kowa a ƙauyen ya iya shi. Idan iri bai shiga ƙasa ba kafin biyar ga wata, babu fure ranar ɗaya ga Satumba. Wannan ƙaramar asara ce, yara sun taɓa riƙe ciyawa ba su mutu ba. Babbar ita ce gwangwanin babu komai a ciki. Furen da ya yi kusan shekara arba'in yana koyon gaggawa ya ƙare a safiya ɗaya, kuma Mavlonazar yana da shekara sittin da takwas, ba shi da wasu arba'in ɗin da zai koya wa wani.

Hedimasta na tara, matashi mai son warware matsala, ya ce kada Kawu ya damu, zai aika a sayo furen roba daga Khorog. Ya ce shi ba ya mutuwa, kuma baɗi ma a yi amfani da shi. Mavlonazar ya yi godiya. Daga baya ya gaya mini wannan bai san rufe ƙofa ba.

Washegari Zarragul tana kwaɓa gurasa, shi yana zaune yana kallon gwangwani, ta ce, "Akwai iri a ƙauyen nan."

"Babu."

"To babu." Ta juya ƙullun ta danna. "Taku goma sha biyu ne daga ƙofarka zuwa inda babun yake."

"Na ce babu."

"Ni ma ai babu na ce. Matsa, kana tare mini hasken ɗanka."

Ranar uku ga wata da hantsi ya zo gidana sanye da rigarsa ta zuwa biki. Ya ce in raka shi wani wuri, domin bai kamata namiji ya shiga gidan da babu maigida shi kaɗai ba. Sai da muka zauna a kan shimfiɗar Gulnamo na gane ainihin aikina. Yana buƙatar wanda zai riƙa yi wa magana.

Gulnamo ba ta nuna mamaki ba. Baƙo baƙo ne. Ta kawo shayin madara da gishiri, ta jefa man shanu a kowane kwano, ta gutsura gurasa ta ajiye a gabanmu. Aka sha kwano na farko ana maganar hanya da farashin fulawa, duk da ni. A na biyu Mavlonazar ya gyara murya.

Ya ce, "Malam, tambayi mai gidan nan ko gaskiya ne iska takan kawo abubuwa nan."

Gulnamo ta ce, "Malam, gaya wa baƙonka tana kawowa. Tokar murhun makaranta ma tana kawowa, a kan wankina, shekara arba'in."

"Tambaye ta ko abin da iskar ta kawo ya tsira daga raɓar shekaranjiya."

Ban kai ga buɗe baki ba. Ta ajiye butar shayi, ta dube shi kai tsaye, karo na farko cikin shekara goma sha tara.

Ta ce, "Da me zai tsira? Ya ƙone ƙurmus. Kai ka shuka Talata, ni na shuka Laraba."

"Ke ba ki da alama a ginshiƙinki?"

"Ni ba na buga ƙusa a ginshiƙi, da tarbiyyata. Kai ne alamata, maƙwabci. Shekara goma sha tara ina leƙenka ta katanga, in na ga ka fito da gwangwani sai in jiƙa ƙasata. Bana na ce anya, tsohon nan bai yi sauri ba? Sai na ce a'a, wannan ba shi da komai a duniya sai ranar nan ɗaya, ba zai ɓata ta ba. Ka kai ni ka baro."

Mavlonazar ya ajiye kwanonsa a hankali. Ya shafa gwiwoyinsa, ya ce mini lokaci ya yi da za mu tafi, mun gode da shayi. Ya fara miƙewa, kuma a lokacin na ga shekarunsa duka sittin da takwas, waɗanda a makaranta ba a ganinsu.

Gulnamo ta ce, "Zauna, ba ka sha na uku ba."

Ta tashi ta buɗe akwatin da ke ƙarƙashin barguna, ta ɗauko wani ƙullin tsumma da bai fi ƙwan kaza ba, ta ajiye a kan shimfiɗa tsakanin gurasa da buta. An ɗaure bakinsa da jan zare.

Ta ce, "Rabi nake shukawa. Ni ba ni da ƙusa, ba ni da ɗa a Rasha, kuma iska ba kullum take busowa ba."

Ya zauna. Bai taɓa ƙullin ba. Ta zuba masa na uku, ya sha, idonsa na kan zaren.

Ya ce, "Me ake so?"

"Inda ka faɗi waccan maganar, nan za ka faɗi wannan. Gobe akwai rabon ruwa."

"Wace magana zan faɗa?"

"Gaskiya. Cewa iska ce."

Ya dubi ƙullin, ya dube ni kamar ni na aiko da raɓar. Sannan ya tambaye ni ko kwana nawa suka rage, abin da ya fi ni sani. Na ce biyu. Ya ce shayin ya yi gishiri daidai, muka fito.

Da safe bakin magudana ya cika fiye da kullum, domin Zarragul ta je aron rariya gidaje huɗu a yammacin jiya. Mai rabon ruwa yana shirin ɗaga dutsen farko Mavlonazar ya ce yana da sanarwa. Ya cire hula, ya mayar.

Ya ce, "Jama'a, na yi bincike. Shekarun baya na faɗi wata magana a nan game da tsawon hannu. Yanzu ta tabbata mini irin furen ziniya yana tashi da iska. Yakan haura katanga, ko da ƙaya a kanta, ya sauka a bayan ɗakin girki. Malam ya karanta labarin ƙasa, zai tabbatar."

Kowa ya juyo gare ni. Na ce haka ne, ilimi bai hana ba. Na tabbatar wa masu duba makarantu abubuwan da suka fi wannan nisa.

Wani daga baya ya ce, "Jan zaren fa, Kawu? Shi ma tashi yake?"

"Shi ma."

Gulnamo tana tsaye da fartanyarta a inda ta tsaya shekara goma sha tara da suka wuce. Ta ce, "A ƙara da cewa iskar ba ta taɓa ɗaukar fiye da kan fure ɗaya ba."

Mavlonazar ya ce, "Ɗaya a shekara. Ina ƙirgawa."

Ba ta musa ba. Aka buɗe ruwa.

A kan katangar ta kwance ƙullin, ta raba shi biyu da gefen hannunta, ta tura masa kashi ɗaya.

Ya ce, "Rabi?"

"Sauran yana nan, ko Allah zai sake ba ka ɗa mai kirki."

Kafin azahar iri ya shiga ƙasa. Bai cika layi uku ba, a lambun da ya saba ɗaukar goma sha biyu. Raɓa ba ta sake sauka ba. Ranar ɗaya ga Satumba fure talatin da ɗaya ne suka buɗe, goma sha uku da jan zare a wuya. Yaran aji ɗaya kuwa ashirin da uku ne. Hedimasta ya zo da kansa ya roƙi a kwance zare biyar, na bana kawai. Mavlonazar ya ce ya ji, ya ci gaba da yankan goma sha takwas ɗin da ba su da zare. Yara biyar suka shiga makaranta da furen roba. Furen yana nan har yau a ofis cikin kwalba, bai mutu ba, kamar yadda aka yi alkawari.

Raɓar kaka ta zo ranar goma sha shida ga Satumba, kawunan ba su gama bushewa ba. Sati biyu yana lulluɓe su da bargunan auren Zarragul kowace yamma, yana yayewa da hantsi, ita kuma tana gaya wa duk mai wucewa cewa ita ba a taɓa lulluɓe ta da wannan kulawa ba. A ƙarshen wata ya girbe kai goma sha biyu.

Da shekara ta kewayo, ranar uku ga Yuni da safe, ya tsaya a ƙofar ajina da bokitin da babu komai a ciki, ya tambaye ni, kamar mai tambayar lafiyar wani dangi na nesa, ko yau nawa ga wata a Dushanbe. Na gaya masa. Da tsakar rana masu wucewa suka ji ƙarar guduma daga gidansa, bugu uku. Ƙusar ta sauka da faɗin tafin hannu. Tsohon ramin ya toshe shi da ƙullu ya shafa toka, don kada Alidod ya gani ya yi tambaya, kuma har yau bai gani ba.

Ya bar aikin murhu shekara biyu da suka wuce, amma lambun yana hannunsa. Har yanzu yana zaman gadin ginshiƙi, har yanzu yana juye gwangwanin duka ya buga gindinsa a tafin hannu. Kwanan baya ya gaya mini ya lura kalanda ta fara dacewa da ƙusarsa, da alama mutanen Dushanbe sun sami wanda ya san aiki. Ƙayar da ke kan katanga kuwa ta zube a wuri ɗaya, daidai faɗin hannun mace. Kowace kaka yana cewa zai gyara.